Asoka, sarkin da ya ci yaƙi ya yi nadama

Ƴan'uwa masu karatu, yau za mu tafi nesa, can gabas, ƙasar Indiya. Za mu koma baya fiye da shekara 2,200. Kafin mu shiga labari, ku riƙe abu ɗaya: shekarun da ke kafin haihuwar Annabi Isa, da baya da baya ake ƙirga su. Wato shekara ta 268 ta riga shekara ta 232.

A wancan zamani akwai wata babbar daula a Indiya, ana ce mata Mauriya. Wani jarumi mai suna Candaragubta ne ya kafa ta wajen shekara ta 321. Babban birninta Pataliputara, a bakin kogin Ganga. Yau ana kiran wurin Patna. Jikan wannan jarumi shi ne Asoka. Ya hau gadon sarauta wajen shekara ta 268.

Yaya mutanen ƙasar suke zaune? Sun kasu kashi huɗu. Na farko su ne Barahmanawa, masu kula da ibada da karatu. Na biyu sarakuna da mayaƙa. Na uku manoma da makiyaya da ƴan kasuwa. Na huɗu masu yi wa sauran hidima. A ƙarƙashin waɗannan kuma akwai mutanen da ake ƙyama. Mutum ba ya zaɓen kashin da yake so. Inda aka haife shi, nan yake zama.

Addinai ma ba ɗaya ba ne. Barahmanawa suna yanka dabbobi don bauta wa allolinsu. Akwai kuma mabiya wani malami da ake kira Buda, wanda ya rayu a arewacin Indiya tun kafin a kafa daular. Shi ya koyar da tausayi da barin kisa, kuma ya karɓi almajirai daga kowane kashi.

Shekara takwas bayan naɗin Asoka, wajen shekara ta 261, ya kai yaƙi ƙasar Kalinga, a bakin teku ta gabas. Ya ci nasara, amma ɓarna ta yi yawa. An kashe mutum 100,000. An kwashe mutum 150,000 daga garuruwansu. Waɗanda suka mutu bayan yaƙin sun fi haka yawa.

Za ku ce, wa ya ba mu wannan lissafi? Sarkin ne da kansa. Ya sa aka sassaƙa shi a jikin duwatsu, tare da bayanin cewa abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ya yi nadama. An saba sarakuna su sa a yi musu kirarin yaƙi. Shi kuwa wannan, baƙin cikinsa ya sa aka rubuta.

Daga nan sai ya riƙe koyarwar Buda da ƙarfi. Amma bai tilasta wa kowa ya bi addininsa ba. Ya fito da wata hanya da ya kira Damma, wadda mai kowane addini zai iya bi: a yi wa iyaye biyayya, a kyautata wa bayi da barori, a faɗi gaskiya, a rage kashe dabbobi. Ya kuma gargaɗi jama'a cewa wanda ya zagi addinin wani don ya ɗaukaka nasa, nasa yake cutarwa.

Bai tsaya ga magana ba. Ya sa aka dasa itatuwa masu inuwa, dangin ceɗiya, a bakin hanyoyi, da garken mangwaro. Aka gina rijiyoyi da masaukin matafiya. Aka shuka itatuwan magani domin mutane da dabbobi. Ya naɗa ma'aikata na musamman masu zagayawa suna duba tsofaffi da marasa galihu da ƴan kurkuku. A da ana yanka dabbobi masu ɗimbin yawa kullum a gidan sarki. Ya rage su zuwa ɗawisu biyu da barewa ɗaya. Da ya ziyarci Lumbini, garin da aka haifi Buda, ya rage wa manoman garin haraji zuwa kashi ɗaya cikin takwas na amfanin gona.

To, kada ku ɗauka ya zubar da sarauta. Bai sallami sojansa ba, bai kuma mayar wa mutanen Kalinga ƙasarsu ba. Hukuncin kisa bai tashi ba, sai dai ya ba wanda aka yanke wa hukunci kwana uku don danginsa su nemi sassauci. Ga wani abin lura kuma: rubutun nadamar nan an same shi a wurare da dama, amma ba a sassaƙa shi a cikin Kalinga ba, inda aka zubar da jinin.

Asoka ya sa a yi rubutun da harshen da talakawa ke ji. A Kandahar, cikin Afganistan ta yau, an rubuta da Girkanci da Aramiyanci, domin su ake ji a can. Ya kuma umurci a riƙa karanta wa jama'a wasu daga cikin rubuce-rubucen a ranakun da ya tsayar.

Ya rasu wajen shekara ta 232. Bayan kamar shekara 50, daular ta rushe. Sannu a hankali aka manta da yadda ake karanta baƙaƙen. Duwatsu suna nan tsaye, mutane suna wucewa, ba mai gane abin da ke jikinsu. Sai a shekara ta 1837 bayan haihuwar Annabi Isa wani Bature ɗan Ingila, James Prinsep, ya gano karatunsu.

Da Indiya ta samu ƴancin kai a 1947, ta ɗauko wata da'ira mai kama da ƙafar keke daga wani ginshiƙin dutse na Asoka, ta sa a tsakiyar tutarta. Zakunan da ke kan ginshiƙin kuma suka zama tambarin ƙasa a 1950.

In kun taru da dare, ku tattauna wannan: sarkin da ya yi nadama, ya gina rijiyoyi, amma ya riƙe ƙasar da ya ci da yaƙi, me za ku ce da shi?