Zareba: Garken Shanu da Ya Shiga Ƙamusun Yaƙin Turawa

A Ingilishi, "zareba" na nufin shingen ƙaya da sojoji ke kewaye sansaninsu da shi. Asalinta Larabci ce, "zariba", wato garken dabbobi. Har yau Bahaushen unguwar Mayo da ke kudancin Khartum, idan ya ji an ce zariba, hankalinsa zai tafi ne wurin da ake tara shanu, ko filin da ake sayar da gawayi ko hatsi.

Fataucin bayi ne ya fara ɓata wa kalmar suna. Daga shekarun 1850, fataken Khartum masu neman hauren giwa da bayi suka riƙa kafa sansanoni a Bahrul Gazal, kowanne kewaye da kututture da ƙaya, suna kiransu zariba. Mafi ƙarfinsu shi ne Zubairu Rahama. A hannunsa Rabeh ya koyi yaƙi, Rabeh ɗin nan da ya ci Borno a 1893 ya zauna a Dikwa. Abin takaici, shingen da makiyayi ya ƙirƙira don tsare maruƙa daga kura ya koma wurin tsare 'yan Adam.

Yaƙin Mahadi ne ya yayata kalmar a jaridun Landan. Sojan Ingila sun tarar da fili fetal, babu ganuwa, sai itatuwan ƙaya, don haka duk inda suka yi zango sai su sare su su ja shinge. Ranar 22 ga Maris 1885, a Tofrek kusa da Sawakin, mayaƙan Usman Digna, kwamandan Mahadi, suka ɓullo daga cikin sarƙaƙiya suka auka wa rundunar Janar McNeill tun ba ta gama shingenta ba. Da ƙyar Turawa suka mayar da su, kuma sunan janar ɗin haɗe da zareba ya zama laƙabin wannan gwabzawa.

A Karari, arewa da Umdurman, ranar 2 ga Satumba 1898, sojan Kitchener na Ingila sun sake fakewa bayan zareba a bakin Nilu. Sai dai a wannan karon Ansaru, wato mabiyan Mahadi, ba su ma iso ƙayar ba, igwa da bindigogin Maxim suka tare su tun daga nesa. Ansaru kimanin 10,000 suka kwanta dama, a ɓangaren Kitchener kuwa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba.