Kano Pillars da Super Eagles: 'Yan Wasa Nawa Kano Ta Bai wa Ƙasa?

Ranar 10 ga Fabrairun 2013, da Najeriya ta doke Burkina Faso da ci ɗaya mai ban haushi a Johannesburg ta ɗauki kofin Afirka karo na uku, 'yan wasa 23 aka rataya wa lambar zinare. A cikinsu mutum ɗaya tak ne aka rubuta Kano Pillars a gaban sunansa, wato ɗan wasan tsakiya Reuben Gabriel, alhali Pillars ɗin ce ke riƙe da kofin firimiyar Najeriya a lokacin. Sai dai a tawagar akwai wani matashi da takarda ta ce ɗan CSKA Moscow ne, wanda kowane Bakano zai rantse nasu ne: Ahmed Musa.

Lissafin ke nan ya kasu biyu. Akwai na hukuma, mai duba ƙungiyar da ke biyan ɗan wasa albashi ranar da aka kira shi. Akwai kuma na magoya baya, mai duba inda aka fara ganin ƙafarsa. Tarihin gudunmawar Kano ga tawagar ƙasa duk yana tsakanin waɗannan biyun.

Musun bai tsaya a Fagge da Ƙofar Mata ba. A Zakirai, hedikwatar ƙaramar hukumar Gabasawa, can kan hanyar Ringim bayan an wuce Gezawa, inda gonar gero ke manne da ta gyaɗa har babu masakar tsinke, ƙwallo tana isowa ne ta rediyo da gidajen kallo masu janareto. Samari sun raba kansu tsakanin Arsenal da Barcelona da sauransu, amma idan aka zo maganar gida ƙungiya ɗaya ce. Pillars ta gwamnatin jiha ce, da kuɗin jama'a ake riƙe ta, don haka manomin Gabasawa yana da haƙƙin cewa "Sai Masu Gida" daidai da mutumin cikin badala. Duk ranar da koci ya fitar da jerin sunayen Super Eagles, abin da ake fara nema shi ne ko akwai namu.

Kano ta daɗe a harkar. A 1953 tawagarta ta ci Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama kofin ƙalubale, a zamanin da ƙungiyoyin Legas suka mayar da shi tamkar gadonsu. Amma ƙungiyar da ta fara sa sunan Kano a bakin masu zaɓen 'yan wasan ƙasa ita ce Raccah Rovers, mai ɗauke da sunan gidan Raccah, attajiran da asalinsu Tarabulus ne, waɗanda suka yi suna da sayen gyaɗa. Ke nan gumin manoman karkara irin na Zakirai yana da hannu a ƙwallon Kano tun kafin su san da ita. Raccah ta ci gasar ƙasa a 1978, kuma a shekarar ce ta kara da Fluminense ta Brazil a Kaduna, Pelé da kansa yana cikin fili.

Bayan shekara biyu, ranar 22 ga Maris 1980, Green Eagles (sunan tawagar ke nan a lokacin) ta lallasa Aljeriya da ci 3 da nema a Surulere ta ɗauki kofin Afirka na farko a ƙarƙashin Otto Glória. Kusan dukkan 'yan wasan a gida suke taka leda, kuma ƙungiyoyi biyu ne suka yi kaka-gida. Rangers ta Inugu ta kawo kyaftin Christian Chukwu da Emmanuel Okala da Aloysius Atuegbu. IICC ta Ibadan ta kawo Segun Odegbami da Muda Lawal da gola Best Ogedegbe. Raccah ta samu gurbi da Shefiu Mohammed. Akwai kuma Felix Owolabi, wanda ya bi ta Raccah kafin Ibadan ta ɗauke shi. Tun a kofin farko ke nan lissafin Kano ya fara zama ɗaya a takarda, biyu a baki.

Daga nan ƙasa ta juya. Stephen Keshi ya fita zuwa Kwaddibuwa a 1985, ya zarce Beljiyam, ya buɗe ƙofar da ba ta sake rufuwa ba. Shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, albashin gida ya zama abin dariya idan aka gwada shi da na ƙaramar ƙungiya a Turai. Raccah ta watse. Kafin a kai ga tawagar 1994, wadda ta ci kofin Afirka a Tunisiya ta kuma je gasar duniya a Amurka, 'yan waje sun mamaye Super Eagles.

A cikin wannan hali aka haifi Kano Pillars ta yanzu, a 1990, da aka haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA ta hukumar ruwa, Kano Golden Stars, da Bank of the North. Ta zo a makare. Zamanin da ƙungiyar gida za ta cika rabin tawagar ƙasa ya riga ya wuce, abin da ya rage mata shi ne ta fito da yaro, a gan shi, a saye. Ahmed Garba, da aka fi sani da Yaro Yaro, ya sa rigar Eagles a ƙarshen shekarun 1990. Sani Kaita, haifaffen Kano, yana cikin matasan Samson Siasia da suka kai wasan ƙarshe na gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, inda Messi ya ci su da fenareti biyu. A shekarar Sparta Rotterdam ta ɗauke shi. Ya samo azurfa a Olamfik ta 2008, sannan a 2010 ya karɓi jan katin nan a wasan Girka, Najeriya tana gaba da ci ɗaya, aka tashi an ci ta 2 da 1. Mutane da yawa jan katin kawai suke tunawa, wanda rashin adalci ne ga ɗan wasan da ya yi wa ƙasa shekara biyar yana shara a tsakiyar fili.

Shekarun 2008 zuwa 2014 su ne ganiyar Pillars. Kadiri Ikhana, wanda shi ma yana cikin tawagar 1980, ya ba ta kofin firimiya na farko a 2008. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, bayan kunnen doki a Kano da 2 da 2 a Alƙahira, ta kai wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta taka mata birki. Ta sake cin firimiya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014. Filin Sani Abacha kuwa ya zama maƙabartar baƙi: daga 2003 ba a ci ta a gida a gasar ba sai 2015, da Nasarawa United ta karya lagon.

A tsakiyar wannan zamani Ahmed Musa ya iso daga Jos. Kaka ɗaya rak ya yi a zuwansa na farko, ta 2009 zuwa 2010, ya zura ƙwallo 18, ya goge tarihin 17 da Ishaya Jatau ya kafa tun 1990. Ya fara buga wa Super Eagles a Satumban 2010 bai cika shekara 18 ba, VVV-Venlo ta Holan kuma ta riga ta ƙulla ciniki. Abin da ya biyo baya sananne ne: ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, biyu a ragar Iceland a 2018, kyaftin, da zarce wasa 101 na Joseph Yobo da Vincent Enyeama. Ɗan wasan da ya fi kowa sa rigar Najeriya daga Pillars ya tashi, amma kusan dukkan wasannin nan an rubuta su ne da sunan ƙungiyoyin Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya. Dangantakar ƙungiyar gida da ɗan wasanta ta zama irin ta manomin da bashi ya sa ya sayar da hatsi tun yana tsaye a gona: shi ya yi noma, wani ne zai yi awo.

Keshi, da ya dawo a matsayin koci, shi ne ya ɗan sassauta. Ya riƙa tara 'yan wasan gida a sansani na makonni, ya tafi Afirka ta Kudu a 2013 da shida daga cikinsu, ɗayansu kuma, Sunday Mba, shi ya ci ƙwallon da ta kawo kofi. Pillars ta ci moriyar wannan buɗi. Reuben Gabriel ya ci wa ƙasa ƙwallo a Malawi a 2012 a wasan neman gurbin gasar duniya. Gambo Mohammed ya je gasar zakarun nahiyoyi a Brazil a 2013, har ya shigo wasan Sifaniya.

Inda Pillars ta fi barin tambarinta shi ne gasar CHAN, wadda aka ware wa masu wasa a gida. A ta 2014, Rabiu Ali, Pelen Kano, ya ci Mozambik biyu. A wasan kwata-fainal Maroko ta tafi hutun rabin lokaci da ci 3 da nema, mutane suka fara barin gidajen kallo. Aka dawo Najeriya ta farke duka, Rabiu ya ci ta biyu, aka ƙare 4 da 3 bayan ƙarin lokaci. Najeriya ta zo ta uku. Shehu Abdullahi, Basakkwace, yana cikin tawagar da rigar Pillars, kuma bai daɗe ba Kuwait ta kira shi. Tagullar Olamfik ta 2016 da gasar duniya ta 2018 duk yana waje ya same su. A 2018 Rabiu ya sake zuwa, a ƙarƙashin Salisu Yusuf, tsohon kocin Pillars, suka kai wasan ƙarshe, Maroko ta rama da ci 4 a Kasabalanka. Rabiu Ali shi ne ɗan wasan da ya zauna. Ya haura shekara 40 yana wasa a Kano, ya ɗaga kofin ƙalubale a Kaduna a 2019, kuma da wuya a ce akwai wanda ya fi shi iya bugun tazara a firimiyar zamaninsa. Ladan zaman nasa shi ne babbar tawaga ba ta taɓa ɗaukarsa da muhimmanci ba.

Junior Lokosa ma ya ɗanɗana. Ya ci wa Pillars ƙwallo 19 a 2018, Gernot Rohr ya sa shi a wasan sada zumunta da Kwango a Fatakwal, sannan ya sauke shi kafin a tafi gasar duniya a Rasha. Ɗan gida ɗaya ne ya je, golan Enyimba Ikechukwu Ezenwa. A kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa a farkon 2024 ma haka: ɗan gida ɗaya, gola na uku, daga Enyimba. Afirka ta Kudu, wadda Najeriya ta fitar da ƙyar a bugun fenareti a Bouaké, ta zo ne da 'yan Mamelodi Sundowns wajen goma, kamar yadda Masar ta jingina da Al Ahly ta ci kofi uku a jere daga 2006 zuwa 2010. Waɗannan ƙungiyoyi suna iya biyan abin da zai hana yaro waiwayen filin jirgi. Pillars, mai jiran kason gwamnati, ba ta iyawa.

Har a rabon kuɗi ana jin bambancin. FIFA ta ware dala miliyan 209 a gasar duniya ta 2018 domin ƙungiyoyin da suka ba da 'yan wasa, amma sharaɗin shi ne ɗan wasan ya kasance naka cikin shekara biyu kafin gasar. Musa ya bar Kano tun 2010, Shehu tun 2014. Wani abin da ƙungiyar da ta raini yaro za ta iya nema shi ne ɗan kasonta cikin kashi 5 bisa ɗari na kuɗin cinikinsa idan ya sauya ƙasa, shi ma sai tana da takardun da ke nuna shekarun da ya yi a hannunta.

A baya-bayan nan hanyar ta fara karɓar masu dawowa. Musa ya komo Pillars na 'yan watanni a 2021 yana kyaftin ɗin ƙasa, Rohr kuma ya ci gaba da kiran sa, abin da ya sa sunan ƙungiyar ya sake fitowa a jerin babbar tawaga. Pillars ta faɗa gasar 'yan dagaji a 2022, ta hauro a 2023. Shehu Abdullahi ya dawo, Musa ya sake dawowa a 2024, a Yulin 2025 kuma gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Yanzu idan dillali ya zo daga Turai neman yaro ɗan shekara 17 da ya fara cin ƙwallo a Ƙofar Mata, da shi zai zauna ciniki.