Tsakanin Ƙafa da Taya: Tarihin Mai Tafiya a Ƙasa a Hanyar Vinikilang

Duk wanda ya bar Jimeta ya nufi arewa, da zarar ya haye gadar kogin Binuwai, garin farko da zai tarbe shi shi ne Vinikilang, a cikin Ƙaramar Hukumar Girei. Daga nan hanya ta miƙe, ta wuce Jami'ar Modibbo Adama, ta bi ta Girei da Song da Gombi da Hong, har ta dangana da Mubi. A wurin direba, Vinikilang wuri ne da ake ƙara wuta bayan an kuɓuta daga cunkoson gada. A wurin mazauna garin kuwa, titin nan tsakar gida ne. Masallaci yana wannan gefe, mai zuwa salla yana wancan. Haka makaranta da ɗalibi, haka mai tallar gyaɗa da mai saye. Nufinmu a wannan rubutu shi ne mu bi diddigin yadda aka yi hanyar da ƙafa ta fitar ta koma wurin da ake karya ƙafa, da kuma yadda alhakin hakan ya sulale daga wuyan mai tuƙi ya koma wuyan wanda aka buge.

Modibbo Adama ya kafa Yola a shekarar 1841. A wancan zamani, da ma shekaru masu yawa bayansa, duk abin da ke tafiya a kan hanyoyin ƙasar Fombina da ƙafa yake tafiya: fatake da kayansu a ka, jakuna, takarkarai, dawakin sarakuna, da garken shanu. Mafi gudu a cikinsu shi ne doki, shi kuwa doki yana da ido, yana ganin yaro ya kauce masa. Duk da haka malaman fiƙihu ba su bar maganar haka nan ba. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda almajiran ƙasar nan suka daɗe suna karantawa a zaure, an ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan wanda ke korarta, da wanda ke janta, da wanda ke bisa kanta. Wato tun kafin a san ƙarfe zai yi gudu, shari'ar da aka yi aiki da ita a wannan ƙasa ta riga ta yanke cewa mai riƙe da linzami shi ne abin tambaya. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu komo gare shi.

Da Turawan Ingila suka ci Yola a watan Satumba na 1901, ta ruwa suka zo, kuma ruwan ne ya ci gaba da zama babbar hanyar kaya. Jiragen kamfani kan hauro Binuwai da damina idan kogi ya cika, su sauke gishiri da yadi a bakin ruwan Jimeta, su kwashi gyaɗa da fatu. Jirgin ƙasa ya isa Kano a 1911, amma bai taɓa zuwa Yola ba. Wannan rashi yana da muhimmanci ga labarinmu, domin da sufurin ruwa ya ja baya, babu abin da ya gaje shi sai mota. Duk buhun da a wata ƙasa dogo zai ɗauka, a Adamawa sai dai taya. Kafin a gina gada, kogin da kansa ya kasance wani irin burki: mota ta zo bakin ruwa dole ta tsaya ta jira fito. Gada ta zo da alheri mai yawa, ba mu musun wannan, amma ita ce ta cire wa hanyar arewa wannan burki.

A can ƙasashen da aka ƙera motar, an san illarta tun da wuri. A ranar 17 ga Agusta, 1896, wata mota ta buge wata mata mai suna Bridget Driscoll a birnin Landan ta mutu, ita ce mutum na farko mai tafiya a ƙasa da mota ta kashe a Ingila. An ce gudun motar bai wuce mil 4 a awa ba, wanda jakin da ya ji kara yana iya yi. Mai binciken mutuwar ya yi fatar kada irin wannan ya sake faruwa. Hukuncin da aka yanke shi ne tsautsayi ne. A Amurka kuwa, a shekarun 1920, da jama'a suka fara tayar da jijiyar wuya kan yawan yaran da motoci ke kashewa, sai masu harkar motoci suka dage wajen koya wa mutane cewa titi na mota ne, wanda ya tsallaka ba a inda aka ce ba shi ne baƙauye, shi ne mai laifi. Wannan tunani ya biyo motar har ƙasarmu, sai dai ya baro rakiyarsa a baya, wato dakalin masu tafiya a ƙasa, da fitilar titi, da wurin tsallakawa.

Shekarun 1970 su ne suka sauya fuskar hanyoyinmu. A ranar 2 ga Afrilu, 1972, Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma hannun dama. An horar da direbobi, an sake alamomin hanya, amma tsohuwar da ta saba duba dama kafin ta sa ƙafa a kwalta, ita ma an juya mata duniya a dare ɗaya. Sai kuɗin man fetur suka shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, ma'aikaci ya sayi mota ko babur. A 1976 aka ƙirƙiro Jihar Gongola aka mai da Yola hedikwata, a 1981 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a hayin kogi, wadda a yau ake kira Jami'ar Modibbo Adama. Da Jimeta ta cika ta batse, kuɗin haya ya yi tsada, sai ƙananan ma'aikata da 'yan ƙwadago da ɗalibai suka riƙa tsallakawa hayi neman fili da ɗaki mai sauƙi. Haka ƙauyukan bakin hanya suka zama unguwanni, kowa kuma yana son ƙofarsa ta kalli kwalta, domin nan ne ciniki yake. Ba a kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ba sai a 1988, Farfesa Wole Soyinka ne shugabanta na farko, lokacin kuwa garuruwa sun riga sun rungume tituna.

A nan ya kamata mu dakata mu dubi jikin mutum, domin shi ma yana ɗauke da tarihi. Likitocin ƙashi sun daɗe da lura cewa raunin wanda mota ta buge yana da tsari, har ana iya duban raunin a faɗi irin motar. Idan ƙaramar mota ta bugi babban mutum, bamba ce ke fara samunsa a ƙwauri ko gwiwa, ta karya ƙashin. Daga nan sai ta kwashe ƙafafunsa, ƙugu da ƙirji su faɗa kan bonet, kai ya daki gilashin gaba ko ƙarfen gefensa. Bugu na uku shi ne na ƙasa, idan direba ya taka burki jikin ya wuntsila kan kwalta. Karayar ƙwauri ita ce ido ke gani, ita ce jama'a ke taruwa a kai suna salati, amma mafi yawan lokuta bugun kai ne ke kisa.

Yaro kuwa lamarinsa daban ne, saboda gajartarsa. Bamba a cinya take samunsa, gaban motar ya daki ƙirji ko ciki, sannan a jefa shi gaba ya faɗi da ka. Wani likita mai suna Waddell ya bayyana waɗannan raunuka uku a 1971, har yau kuma da sunansa ake kiransu a makarantun likitanci. Haɗarin da ya fi ɓoyuwa shi ne na cikin ciki. Saifa ko hanta kan fashe, jini ya riƙa zuba a ciki ba tare da ɗigo ɗaya ya fito waje ba. Yaro ya tashi ya kakkaɓe rigarsa, a ce Allah ya kiyaye, a kai shi gida. Bayan 'yan sa'o'i ya yi fari fat, gumi mai sanyi ya karyo masa, cikinsa ya ɗaure. Haka ma bugun kai: mutum yana iya farfaɗowa ya yi magana sarai, alhali jini na taruwa a ƙarƙashin ƙoƙon kansa, sai amai da barci mai nauyi su biyo baya. Mun sha jin ana cewa "ai lafiya lau ya tashi, sai da dare abin ya juya". Ba juyawa ya yi ba, tun a bakin titi ya fara.

Ita babbar mota ba ta da bonet ɗin da zai ɗauki mutum. Gabanta a miƙe yake kamar bango, tana tunkuɗe mutum ƙasa ne, taya ta bi ta kai. Hanyar Vinikilang kuwa hanyarsu ce: tireloli masu ɗauko shanu daga kasuwar Mubi zuwa kudu, tankokin mai, motocin hatsi, da tifofin da ke kwasar yashi a bakin Binuwai. Amma ko a ƙaramar mota, gudu ne ke raba rai da mutuwa. Ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu. Idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin bugu sau huɗu yake ninkawa. Mafi yawan waɗanda aka buge a gudun kilomita 30 a awa suna rayuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa daga kilomita 50 zuwa 65, haɗarin mutuwar mai tafiya a ƙasa yana ninkawa fiye da sau huɗu. A rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya kowace shekara, fiye da kashi ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma Afirka, wadda ta fi kowace nahiya ƙarancin motoci, ita ce ta fi yawan mace-mace idan aka auna da yawan jama'a.

A ƙarshen watan Oktoba na 2014 Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, dubban mutane suka biyo wannan hanya zuwa Yola, wasu a mota, wasu a ƙafa. An tsugunar da wasu a sansanin masu yi wa ƙasa hidima da ke Damare, amma mafi yawa a gidajen dangi da na haya suka sauka, Vinikilang na cikin garuruwan da suka karɓe su. Da yawansu daga ƙauyukan da mota ba ta cika ratsawa ba suka fito, ga yara, ga talla ta zama dole. A shekarun wannan rikici ne kuma aka hana acaɓa a cikin birni, Keke Napep ya maye gurbinsa, shi kuwa a gefen titi yake tsayawa ya ɗauka ya sauke, daidai wurin da mai ƙafa yake takawa. Bayan 2019 an gina gadojin sama a Jimeta, an faɗaɗa wasu tituna, birni ya yi kyau. Sai dai ya kamata mu faɗa, aikin da ke sauƙaƙa wa mota gudu ba lalle ne ya sauƙaƙa wa mai tsallakawa ba.

Bayan bugu, wani tarihin ne ke farawa. Masu taimako, da kyakkyawar niyya, sukan ciccibi wanda aka buge hannu da ƙafa su cusa shi a Keke, ba tare da tallafe wuya da baya ba; idan ƙashin baya ya tsage, wannan ɗauka ce ke iya tsinka laka mutum ya shanye. Asibitin ƙwararru na Jimeta da asibitin koyarwa na Yola duk suna hayin kudu, sai an sake bin gada. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai neman agajin gaggawa, amma tsoron kuɗin aiki da tsoron a yanke ƙafa kan sa dangi su zaɓi mai ɗori. Ɗori sana'a ce ta gado, ta girmi asibiti a ƙasar nan, kuma ta warkar da karaya mai yawa. Amma karayar da masu ɗorin dauri suka gada ta faɗowa daga bishiya ce ko harbin jaki. Ƙashin da taya ta niƙe, ya huda fata, ƙasar titi ta shiga ciki, wani abu ne da kakanninsu ba su sani ba. Idan aka ɗaure shi tamau da karare, kumburi ya toshe hanyar jini, sai ƙafa ta yi baƙi ta ruɓe, a ƙarshe a yi yankan da aka guda tun farko.

Yanzu sai mu koma ga Risala. Dokar Turawa ma ba ta saɓa mata ba a wannan gaɓa: tun 1945 aka yi dokar da ta wajabta wa mai mota inshorar da za ta biya wanda ya buge, kuma wannan wajabci yana nan har yau. Ke nan shari'a biyu, ta zaure da ta kotu, sun haɗu a kan cewa mai tuƙi ne zai ɗauki nauyi. Amma abin da muka saba gani daban ne. Direba yakan gudu, wani don rashin imani, wani don tsoron kada jama'a su far masa su ƙone motar. Idan ya tsaya, sai manyansa su zo gaisuwa da ɗan abin da ya sawwaƙa, dattawa su ce ƙaddara ce, dangi su ce sun yafe, domin ana ganin karɓar diyya kamar sayar da jini ne. Yafiya halin kirki ce, addini ma ya yabe ta. Sai dai a fiƙihun da muka gada, haƙƙin rauni na wanda aka raunata ne, shi ke da ikon yafewa ko karɓa. A zaman sulhun da ake yi a zaure, sau da yawa shi yana kwance a ɗaki da ƙafa a ɗaure, ba a ma shigo an tambaye shi ba. Takardar inshorar kuwa tana cikin aljihun gaban motar, ba a fito da ita sai an zo shingen 'yan sanda.