Labarin Takalafiya da Gayyar Saran Rafi

Anchau tsohon gari ne a gabas da Zariya, yanzu yana cikin ƙasar Kubau ta Jihar Kaduna. Tun zamanin yaƙe-yaƙe mutanensa suka cunkushe cikin ganuwa, gida manne da gida, rijiya kusa da salga, ga kududdufai inda aka haƙi ƙasar gini. A bayan gari kuwa rafuffuka ne masu duhuwa, nan ƙudan tsando yake zaune. Wannan ƙuda shi ke kawo ciwon barci ga mutane da sammore ga dabbobi. Da likitoci suka zaga Lardin Zazzau suna dudduba wuyan mutane, a shekarun 1930, sai suka tarar ciwon ya yi yawa ƙwarai a wannan yanki.

Cikin shekarar 1937, wadda Sarkin Zazzau Ja'afaru ya hau gadon sarauta, aka soma babban aikin gyaran ƙasar, da kuɗin da aka aiko daga Ingila. Wani Bature masanin ƙwari, Dokta Nash, yana cikin manyan masu kula da shi. Ya lura tsandon rafi ba ya jure zafin bazara sai da inuwa da laima. Saboda haka dabarar ita ce a sare sarƙaƙiya da ƙananan itatuwa na bakin rafi, iska da rana su shiga, ƙuda ya rasa mafaka. Aka bi rafuffuka ana sara, har aka share wata ƙasa mai tsawon mil 70 da faɗin mil 10, ko kusa da haka. Aka tashi mutum wajen 5,000 daga ƙananan ƙauyuka na cikin daji, aka zaunar da su a sababbin garuruwa. Kusa da Anchau aka kafa sabon gari mai faffaɗan tituna, da rijiyoyin siminti masu baki, da mahauta, da kasuwa, aka sa masa suna Takalafiya.

To, tashin nan bai yi wa kowa daɗi ba, gama barin kufan iyaye da kushewarsu abu ne mai nauyi, umurni kuwa ta hannun Sarki ya biyo, ya sauko ga hakimi, ya kai ga dagaci. Amma babbar wahala tana gaba. Itace in an sare shi yakan yi toho, damina ɗaya ko biyu rafi ya koma yadda yake. Babu baitulmalin da zai iya biyan lebura su bi rafin kowane ƙauye kowace shekara. Sai aka ɗora wa kowane ƙauye nauyin rafinsa, ya riƙa maimaita sara shekara shekara.

Nan ne al'adar gayya ta yi rana, domin Bahaushe ya san ta tun kaka da kakanni wajen noma da jinka da yashe rijiya. Ga yadda akan shirya ta. In kaka ta wuce, amfanin gona ya shiga rumbu, sai mai unguwa ya shawarci dattawa, a sa rana wadda ba ta kasuwa ba ce. Da dare sanƙira ya yi shela. Kowane gida ya fid da ƙato ɗaya da adda ko gatari. Sarkin samari ya raba aiki, waɗannan su kama daga mashaya zuwa kwari, waɗancan su tara abin da aka sare a ƙone. Makaɗi yana biye da ganga yana zuga su, mata suna kai fura da kunu. Wanda ya ƙi fita ba da dalili ba, kunyarsa ta fi tara ciwo, gama ran da jinkarsa ta faɗi ba mai kama masa.

Abin lura a cikin wannan labari shi ne, kuɗin Gwamnati suna haƙa rijiya, amma sharar bakinta da yashe ta sai masu shan ruwanta. Inda aka sa wa aiki rana sananniya, aka san rabon kowa, shugaba kuma ya fita da addarsa, tsabta takan zauna. Inda aka bar wa duba-gari da tararsa kaɗai, da ya juya baya juji ya komo.

Haka aka sake gani bayan shekaru masu yawa wajen yaƙi da kurkunu. Cikin 1988 an ƙidaya masu ciwon fiye da 650,000 a Nijeriya. Aka zaɓi 'yan sa kai a ƙauyuka, suna raba ƙyallen tace ruwa, suna hana mai kurkunu shiga tafki, suna rubuta sunan wanda ya kamu. An ga na ƙarshe cikin 2008, cikin 2013 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ciwon ya ƙare a ƙasar. Mutanen ƙauye da suka san juna su suka tsare tafkunansu, kamar yadda na Anchau suka tsare rafuffukansu. Allah ya ba mu zuciyar taimakon juna, amin.