Darasin Garki: Abin da Sauro Ya Ɓoye a Ƙwayoyin Gadonsa

Tsakanin 1969 da 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a Afirka. Wurin da aka zaɓa shi ne ƙasar Garki, maƙwabciyar masarautar Gumel, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yau kuma a Jigawa. Tambayar ɗaya ce: in aka haɗa feshin ɗakuna da rabon magani ga jama'a, za a iya katse yaɗuwar cutar a irin wannan ƙasa?

A daminar 1972 da ta 1973 aka feshe bangon ɗakuna da maganin propoxur, aka kuma raba magani a wasu ƙauyukan. Cutar ta yi sauƙi ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka dakata sai ta dawo. Rahoton da Molineaux da Gramiccia suka wallafa a 1980 ya nuna guda daga cikin dalilan: feshi yana kashe sauron da ya sauka a bango bayan ya sha jini, alhali akwai wanda yake cizo ya fice waje abinsa.

Wanda ya bi diddigin wannan bambanci shi ne Mario Coluzzi, masani daga Italiya. Shi da abokan aikinsa sun riƙa duba kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, daga mahaifar macen sauro. Sun ga cewa a jikin wasu, wani yanki na zaren ya juye, kansa ya koma ƙafa. Mafi shahara shi ne juyin da ake kira 2La, wanda ba shi da yawa a kurmin kudu, amma yake ƙaruwa yayin da ake nausawa arewa mai fari. A binciken da suka wallafa a 1979, sun nuna cewa yawan irin waɗannan juye-juye ya bambanta tsakanin sauron da aka kama a ɗaki da wanda aka kama a waje. Ashe abin da ido ke gani sauro ɗaya, jama'a ce mai halaye iri-iri.

Madubin Coluzzi ya nuna inda bambancin yake, bai nuna yadda yake aiki ba. Wannan sai da aka karanta kundin gadon Anopheles gambiae baki ɗaya a 2002, sannan a 2015 aka fitar da na wasu nau'o'i 16 domin kwatantawa. Hikimar kwatancen ita ce, duk yankin da ya daɗe bai sauya ba a tsakanin nau'o'i, akwai alamar yana da aiki. Ta haka ake farautar makunnai, wato sassan da ke umartar ƙwayar gado yaushe za ta yi aiki da kuma gwargwadon ƙarfinsa.

Amfanin wannan ya fito fili a 2019, lokacin da masana suka nuna cewa a kudancin Afirka, sauyi a makunnin ƙwayar CYP6P9a yana sa sauron Anopheles funestus samar da sinadarin da ke narkar da gubar gidan sauro da yawa, har ya tsira. A gida kuma, masana daga Jami'ar Bayero sun sami sauro mai jure wannan guba a Auyo, yankin noman rani na Haɗeja. Nau'in da suka samu shi ne Anopheles coluzzii, wanda aka raɗa wa sunan Coluzzi a 2013.

Nijeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya bisa huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya. Gidan sauron da ake rabawa a Gagarawa Tasha, Maigatari ko Sule Tankarkar, ingancinsa ya dogara ne ga irin sauron da ke shawagi a wurin. Saboda haka kafin a sayo magani, wajibi ne a fara sanin halin sauron yankin. Garki ta faɗi haka tun shekaru hamsin da suka wuce.