Yadda Hoto Ya Sauya Surar Tabar Wiwi a Idon Amurkawa

A cikin ƙarni na 19, tun kafin na'urar ɗaukar hoto ta yawaita a hannun jama'a, galibin Turawa sun fi sanin tsiron wiwi a matsayin abin tufka igiya da kuma magani, musamman bayan da likita William O'Shaughnessy, wanda ya yi aiki a Kalkata ta ƙasar Indiya, ya bayyana fa'idojinsa a 1839. Surarsa a wancan zamani zane ce ta malaman tsirrai a cikin littattafai, ganye mai yatsu da reshe da iri, babu yabo babu zargi, har ma an shigar da shi cikin kundin magunguna na Amurka, inda ya zauna har 1942.

Al'amari ya juya ne sa'ad da aka naɗa Harry Anslinger shugaban hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka a 1930, mutumin da ya fahimci cewa abin da ido ya gani ya fi saurin zama a zuci bisa abin da kunne ya ji. Jaridu suka cika da hotunan waɗanda aka kama da ankwa a hannu, da tarin buhunan da 'yan sanda suka ƙwace, galibi ana jingina laifin ga baƙaƙen fata da baƙi daga Meziko. Majigin Reefer Madness na 1936 kuwa ya nuna samari suna haukacewa suna kisan kai bayan sun zuƙa, sa'an nan a 1937 majalisa ta zartar da dokar harajin da ta kusa haramta tsiron baki ɗaya. Abin lura a nan shi ne, da yaƙin duniya na biyu ya yanke hanyar samun igiya daga Filifin, ita wannan gwamnati ce ta fitar da majigin Hemp for Victory a 1942, tana nuna gonakinsa, tana kwaɗaitar da manoma su shuka domin jiragen ruwan soja.

Masu son ganyen su ma suka ɗauki makamin abokan gabansu. A 1974, shekara huɗu bayan doka ta sanya shi cikin ajin ƙwayoyi mafi tsananin haramci, Tom Forçade ya kafa mujallar High Times, wadda ta riƙa buga hoton furen a shafin tsakiya, an kusanto shi ƙwarai, an haska shi har ana ganin ƙwayoyin danƙon da ke bisansa suna ƙyalli. Daga nan sana'ar ɗaukar hoton wiwi ta samo asali. Da Kalifoniya ta halatta shi don magani a 1996, jihohin Kolorado da Washinton suka halatta shi ga baligai a 2012, Kanada ta bi sahu a 2018, sai kamfanoni suka shiga ɗaukar ƙwararrun masu hoto, waɗanda suka kawar da hayaƙi da duhun lungu, suka maye gurbinsu da ma'aikata masu fararen riguna, da kwalabe masu tsabta, da tsofaffi masu neman sauƙin ciwon gaɓoɓi. Shirin da tashar CNN ta nuna a 2013 game da Charlotte Figi, yarinyar da man tsiron ya rage wa farfaɗiya, ya taɓa zukata fiye da jawabin kowane ɗan majalisa. Cibiyar Gallup ta samu kashi 12 cikin ɗari na Amurkawa ke goyon bayan halattawa a 1969, amma a 2023 sun kai kashi 70.

Sai dai wajibi ne mai hankali ya riƙe wata haƙiƙa da babu kyamarar da ke nuna ta, wato a daidai lokacin da sura take ƙara taushi, ganyen ƙara ƙarfi yake yi, domin sinadarin THC mai bugarwa ya tashi daga kimanin kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kimanin 12 a 2014. Hoton tsoratarwa ya ɓoye maganin da ke ciki, ya jawo zalunci ga raunana. Hoton ƙawatarwa yana ɓoye maye da illarsa ga ƙwaƙwalwar matashi.

Wannan batu ya shafe mu, domin waɗannan hotuna suna isowa wayoyin samarinmu, alhali binciken Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta masu shan wiwi a Nijeriya da miliyan 10.6. Fuƙaha'u irin su Ibn Taimiyya da Zarkashi, waɗanda suka yi bahasi a kan hashisha, wato wiwi, ƙarnoni kafin a ƙago kyamara, sun gina hukuncin haramcinta bisa gusar da hankali, wanda kiyaye shi na daga manyan maƙasudan shari'a. Don haka ya kamata iyaye da malamai su koya wa yaro, duk sa'ad da ya ga irin wannan hoto, ya tambayi wanda ya biya kuɗin ɗaukarsa da kuma abin da yake nufin sayarwa.