Tsohon da ya koyar da bishop na Milan

A shekara ta 374 ikkilisiyar Milan, a arewacin Italiya, ta rabu biyu. Bishop ɗinsu Auksentiyus ya rasu, kuma shi mabiyin koyarwar Ariyus ne, wadda ta ce Ɗan Allah halitta ne. Masu riƙe da shaidar bangaskiya ta Nikiya suka ce wannan karon sai nasu, ɗaya ɓangaren ma suka ja daga. Da hayaniya ta yi yawa, sai gwamnan lardin, Ambros, ya shiga majami'a domin ya kwantar da tarzoma. Faulinus, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce ana cikin haka muryar wani yaro ta kira Ambros bishop, taro kuwa ya ɗauka baki ɗaya.

Mutumin nan ko baftisma ba a yi masa ba tukuna. Mun san Manzo Bulus ya gargaɗi Timoti kada a ɗora sabon tuba a kan shugabanci, don kada girman kai ya kayar da shi (1 Timoti 3:6), majalisar Nikiya ta shekara ta 325 ma ta kafa doka a kan haka. Ambros da kansa ya ƙi, har ya ɓuya. Amma sarki Balentiniyan ya goyi bayan jama'a, aka yi masa baftisma, bayan mako guda aka keɓe shi bishop, ranar 7 ga Disamba.

Mu faɗi gaskiya, ba hanyar zaɓe ce da za mu koya wa matasanmu ba. An zaɓe shi ne don muƙami da farin jini, irin abin da mu ma kan yi idan mai kuɗi ko babban ma'aikaci ya shigo ikkilisiya, kafin shekara ta zagayo mun sa shi cikin dattawa. Abin da ya cece su shi ne Ambros ya san bai sani ba. Ya rabar da dukiyarsa ga matalauta, ya zauna a gaban wani dattijo mai suna Simfilisiyan yana koyon Littafi Mai Tsarki. Daga baya ya shaida wa ma'aikatansa cewa dole ta sa ya fara koyarwa tun bai koya ba. Shugabanni nawa ne a cikinmu za su iya furta wannan?

'Ya'yan wannan zama sun bayyana. A shekara ta 390 sojojin sarki Tiyodosiyus suka kashe dubban mutane a Tasalonika. Ambros ya rubuta wa sarkin wasiƙa a asirce, ya ce ba zai yi hidimar Jibin Ubangiji a gabansa ba sai ya tuba. Sarki ya tuba a gaban jama'a.

Wurin da ya fi shafarku, 'yan'uwa matasa, shi ne labarin Agustin. Mutumin Afirka ta Arewa ne, ya zo Milan a shekara ta 384, malamin iya magana ne, ya riƙa zuwa wa'azin Ambros don ya auna gwanintarsa kawai. Maganar Allah ta kama shi a hankali. Amma duk lokacin da ya je da tambayoyinsa, sai ya tarar mutane sun yi wa bishop yawa, ko kuwa yana karatu shiru, sai ya zauna ya tashi bai ce komai ba. Bai yi fushi ya bar ikkilisiya ba, kamar yadda wasunmu kan yi idan fasto bai ɗaga waya ba. Ya nemi Simfilisiyan, tsohon nan da yake da lokaci. Tsohon ya saurari dukan ruɗewarsa, sa'an nan ya ba shi labarin Biktorinus, shahararren malami a Roma wanda ya daɗe yana jin kunyar shaida Almasihu a fili, daga baya ya tsaya gaban ikkilisiya ya shaida. Ya san ciwon saurayin ke nan. A daren Ista na shekara ta 387 Ambros ya yi wa Agustin baftisma.

Da Ambros ya rasu a shekara ta 397, ikkilisiyar Milan ta sāke zama don zaɓe. Wannan karon suka ɗauki Simfilisiyan, ko da yake ya girmi marigayin, ya riƙe su kamar shekara uku kafin shi ma ya huta.